A rage wa mai motsa jiki haraji? Ku zo mu tattauna

Abu_Haidar:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta jima tana yi mini yawo a rai, na ce bari in baje ta a nan. Gwamnatoci suna zuba maƙudan kuɗi wajen jinyar ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, kuma likitoci sun yi ittifaƙi cewa zaman dirshan yana cikin abin da ke jawo su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya, wato mutum kusan biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ake so. Abin da ake so ɗin kuwa bai taka kara ya karya ba, minti 150 ne a mako. To tunda mai kula da jikinsa yana sauƙaƙa wa baitulmali nauyi, me zai hana a saka masa? Ka biya kuɗin gidan motsa jiki, ko ka sayi keke, ko ka sa ɗanka a kulob ɗin ƙwallo, ka kai rasit, a rage maka haraji. Ni dai ina ganin adalci ne. Me kuka gani?

Shaho_09:
Wa alaikumus salam. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Kullum gwamnati karɓa take yi, yau ga dalilin da za ta mayar da wani abu.

Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam Malam Abu Haidar. Ba sabon tunani ba ne, an gwada shi, kuma gwajin da ya fi shahara na Kanada ne. A 2007 gwamnatin Stephen Harper ta fito da rangwamen haraji ga iyayen da suka sa 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 16 a harkar wasanni. Aka ce za ka iya gabatar da rasit har na dala 500 a kan kowane yaro. Mutane da yawa suka ɗauka dala 500 za a ba su. Ina! Kashi 15 cikin 100 na abin da ka kashe ake rage maka daga harajinka, wato iyakarta dala 75 a shekara. Kuma a farko, idan samunka bai kai a ɗora maka haraji ba, ko sisi ba za ka gani ba, domin ba a rage abin da babu shi. A 2014 aka ninka adadin zuwa dala 1,000, a 2015 aka gyara ta yadda marar biyan haraji ma za a turo masa kuɗin. Da gwamnatin Justin Trudeau ta zo, ta rage shi rabi a 2016, ta soke shi gaba ɗaya a 2017, ta karkata ga tallafin yara da ake biyan iyaye kai tsaye gwargwadon samunsu.

Shaho_09:
Siyasa ce kawai. Sabuwar gwamnati ba ta son abin tsohuwa.

Mai_Lissafi:
Siyasa tana ciki, ba na musu. Amma tun kafin a soke shi masu bincike sun nuna cewa iyaye masu hannu da shuni su suka fi karɓar rangwamen. Ka duba lissafin da kanka: sai kana da dala 500 ta biya a watan farko kafin a mayar maka da 75 bayan shekara ta zagayo. Wanda ba shi da 500 ɗin, 75 ba za ta sa ya samo ta ba. Wanda yake da ita kuwa, da ma can zai sa ɗansa a wasan.

Ummu_Sadiya:
Gaskiyar Mai Lissafi ne. Lokacin da ake wannan tsarin muna zaune a can da maigidana, kuma mun karɓa. Yaranmu suna zuwa koyon iyo tun kafin mu ji labarin rangwamen. Da aka soke, ba mu cire su ba. Kenan kuɗin bai sa mun yi komai ba, bai kuma hana mu komai ba. Mun ji daɗinsa dai, wa zai ƙi? Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sharuɗɗan. Sai shirin ya kasance na mako takwas a jere, ko sansanin kwana biyar a jere, da mai kula da yara, da rasit mai sunan ƙungiya. Yaron da ke yini yana buga ƙwallo da abokansa a fili har magariba, wanda ya fi nawa zufa nesa ba kusa ba, shi ba ya cikin lissafi.

DanDako_Asali:
Yauwa Hajiya, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni tambayata ga Abu Haidar ita ce: wa ya fi motsa jiki a duniyar nan? Manomi ne, da lebura, da mai tura kaya, da matar da ke tafiya mai nisa ɗebo ruwa. Cikinsu wa ke da rasit? Wa ma ke cike takardar haraji? Wanda za a saka wa shi ne mai zama a ofis cikin sanyin na'ura, ya fito ya shiga mota, ya tuƙa zuwa wani gini, ya biya kuɗi don ya yi tafiya a kan inji. Shi ne gwarzon lafiya, ni da nake sauke buhuna tun asuba ba a san da ni ba. Kuma gibin da rangwamen zai bari a baitulmali da me za a cike shi? Da harajin kayan masarufi wanda ni ma nake biya duk ranar da na sayi wani abu. Wato ni zan biya masa kuɗin jim, gidan motsa jikin nasa.

Zuwaira_M:
Wannan magana ta DanDako ta fi ƙarfin a tsallake ta.

Abu_Haidar:
Ɗan'uwa DanDako, na ji ka, kuma Allah ya sa albarka a nema. Amma ka lura, mai zaman ofis ɗin nan shi ne matsalar da ake son magancewa. Kai jikinka yana aiki, ba ka buƙatar a tura ka. Shi ne yake buƙata. Ai marar lafiya ake kai wa magani.

Likita_Binta:
Bari in sa baki a nan, don akwai gyara a ɓangarorin biyu. Malam Abu Haidar, ba daidai ba ne a ce mai aikin ƙarfi ya tsira. Ɗaukar kaya masu nauyi awa takwas ko goma ba tare da hutu ba daban yake da tafiya da sauri na rabin awa. Na farkon yana cin gwiwa da baya, yana riƙe bugun zuciya a sama yini guda, kuma bincike da dama sun nuna ba ya ba da kariyar da motsa jiki na nishaɗi ke bayarwa. Ina ganin leburori da hawan jini a asibiti, ba kaɗan ba. Su abin da suke buƙata awon jini ne a kai a kai da hutu, kuma rangwamen jim ba zai ba su ko ɗaya ba.

Sai kuma babbar tambayar: kuɗi yana sa mutum ya canza hali? A Jami'ar Illinois da ke Amurka an yi gwaji da ma'aikata kusan 5,000, an fitar da sakamakon a 2019. An raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka gayyace su shirin kula da lafiya har da ladan kuɗi, wasu aka bar su. Da aka kwatanta ɓangarorin biyu, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a kuɗin asibiti ko a ranakun da aka yi fashin aiki saboda rashin lafiya. Abin da aka gani shi ne waɗanda suka amsa gayyatar da ma can sun fi sauran lafiya. Da a ce ba a yi ƙuri'ar ba, da an kalli masu shiga an ce kai, shirin nan yana aiki.

Keken_Asuba:
Likita, da girmamawa, ni shaida ne cewa wani lokacin yana aiki. Ina aiki a Ingila, kuma akwai tsarin da aka kafa tun 1999 na sayen keke ta hannun wurin aikinka. Kamfani ne zai biya, sannan a riƙa cira daga albashinka wata-wata kafin a lissafa haraji, don haka ɓangaren da ya tafi ga keken ba a taɓa shi. Ni da ban taɓa tunanin hawa keke zuwa aiki ba, sauƙin nan ne ya ja ni. Yau numfashina ya gyaru, tumbin ya ragu, kuɗin jirgin ƙasa ya zauna a aljihu. Ba don tsarin ba da har yanzu ina cewa sai wata mai zuwa.

Mai_Lissafi:
Madalla da kai Keken Asuba, Allah ya tsare hanya. Amma faɗa wa jama'a sauran. A tsarin nan, mai biyan haraji kashi 40 ya fi mai biyan kashi 20 samun sauƙi a kan keke iri ɗaya. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi kuwa ba ya shiga ta wannan hanya, domin doka ta hana a cire abin da zai mayar da albashinsa ƙasa da ƙa'ida. Mai sana'ar kansa ma ba ya ciki. Wanda ya fi kowa buƙatar keke mai araha shi aka bari a waje.

Keken_Asuba:
Haka ne. Amma wannan dalilin gyara tsarin ne, ba dalilin zubar da shi ba.

Baba_Na_Gidan:
Ikon Allah. Mu dai da muka taso ba a biyanmu don mu yi tafiya. Yanzu har sai gwamnati ta ba mutum lada kafin ya kula da jikin da Allah ya ba shi amana? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni. Wanda wannan bai tashe shi ba, ban ga dala 75 za ta tashe shi ba.

Shaho_09:
Baba, Allah ya ƙara girma. Zamanin ne ya canza. Ku ƙafa ce motarku dole. Mu kuwa aiki a zaune, hira a zaune, sayayya ma a waya. Dole a ƙirƙiro dalili.

Zuwaira_M:
Ni abin da nake so in sani, ta yaya hukumar haraji za ta gane ka motsa jikin? Rasit shaidar biya ne, ba shaidar zufa ba. Ni kaina na taɓa yin rajista a gidan motsa jiki da zumuɗi, aka yi ta cire mini kuɗi wata bayan wata, takalman suna ajiye a bayan ƙofa. Da akwai rangwamen Abu Haidar da na karɓa, ina kwance a kujera.

Mai_Lissafi:
Ba ke kaɗai ba ce Malama Zuwaira. Wasu masana tattalin arziki biyu, DellaVigna da Malmendier, sun wallafa bincike a 2006 kan gidajen motsa jiki a Amurka. Masu biyan fiye da dala 70 a wata suna zuwa kamar sau huɗu ne kawai a watan, wato kowace ziyara ta tashi musu sama da dala 17, alhali da tikiti suka saya da dala 10 za su biya. Idan aka ɗora rangwame a kan rasit, wanda ya tabbata ya ci riba shi ne mai gidan. Shi ya sa a Amurka masu wannan sana'a suke kan gaba wajen neman majalisa ta amince da ƙudirin da zai bari a biya kuɗin jim daga asusun lafiya marar haraji. Shekara da shekaru ana kawo shi.

Abu_Haidar:
To a daina dogaro da rasit mana. Yanzu akwai agogon da ke ƙirga taku. Singafo tun 2015 take yin gasar taku ta ƙasa baki ɗaya, hukumar lafiyarsu tana raba agogon kyauta, ka yi tafiya ka tara maki, ka canza makin da takardar sayayya. Ba ruwansu da ko kana biyan haraji. Wannan ya amsa ƙorafin DanDako da na Zuwaira a lokaci guda.

Dan_Kwamfuta:
Ya amsa, ya kuma buɗe wata ƙofa. Ka yarda hukuma ta san sau nawa ka tashi daga gado, ina ka bi, yaya zuciyarka take bugawa? Yau lada ne ga wanda ya yi. Gobe kamfanin inshora zai ce wanda bai sa agogon ba kuɗinsa ya ƙaru. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban da haka ma, ana sayar da wata 'yar na'ura da ke lilo da waya don ta ƙirga takun ƙarya. Duk abin da aka sa wa kuɗi, sai an samu mai yi masa dabara.

Shaho_09:
Ni na ji a Japan ma tarar mutum ake ci idan ya yi ƙiba. Gara lada a kan wannan.

Likita_Binta:
A'a, wannan labarin ya yaɗu amma ba haka yake ba. Dokar ta 2008 ce. Ana auna ƙugun 'yan shekara 40 zuwa 74 a binciken lafiya na shekara-shekara, iyakar maza santimita 85, ta mata 90. Wanda ya wuce kuma aka ga wasu alamu a jininsa, shawara ake ba shi da bibiya. Ba a cin mutum tara. Nauyin yana kan hukumomin inshorar lafiya, ciki har da na kamfanoni, su ake ƙara wa abin da za su biya idan suka gaza kai mutanensu ga awon.

Kuma ina roƙon mu bambance motsa jiki da rage nauyi. Dubai a 2013 ta ba da giram ɗaya na zinariya kan kowane kilo da mutum ya zubar cikin kusan wata guda. Abin ya ja hankalin duniya, amma a matsayina na likita irin wannan yana ba ni tsoro. Mutum zai iya ƙin ci da sha kafin ranar awo. Akwai mai jiki da ke tafiya kullum, sugansa da jininsa lafiya lau, akwai siriri da ba ya iya hawa bene hawa biyu. Idan za a saka, a saka wa aikin, kada a saka wa sikeli. Akwai kuma wanda gado ne, ko magani yake sha mai sa ƙiba. Laifin me ya yi?

Ummu_Sadiya:
Likita kin tuna mini da masu naƙasa da tsofaffi. Gasar taku ga mai keken guragu fa?

Sani_Tsakatsaki:
Ina bin ku tun sama ban ce komai ba. Ni a ganina an kama zaren ta wutsiya. Maimakon rage wa mai kirki haraji, a ƙara wa abin da ke cutarwa. Birtaniya ta sanar da harajin lemon zaƙi a 2016, ya fara aiki a Afrilun 2018, kuma an tsara shi hawa-hawa: mai giram 5 na sukari a mililita 100 kuɗinsa daban, mai giram 8 ya fi. Kafin ranar ta zo kamfanoni da yawa sun riga sun rage sukarin don su kauce wa biya. Ba a roƙi kowa ya canza hali ba, abin da ke cikin kwalbar ne ya canza. Gwamnati kuma ta ce da kuɗin za a ƙara wa wasannin makarantun firamare. Meziko ma ta sa peso ɗaya kan kowace lita a 2014, kuma sayen ya ragu.

DanDako_Asali:
Shi ma wannan a kan talaka yake ƙarewa. Mai kuɗi ko a jikinsa.

Mai_Lissafi:
Kuma ba kullum yake cin nasara ba. Denmak ta sa harajin kitse a Oktoban 2011, kan bota da cuku da nama da makamantansu. Mutane suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Jamus suna sayayya, 'yan kasuwa suka yi ta kukan wahalar lissafi. Shekara ɗaya da 'yan watanni aka janye shi.

Abu_Haidar:
Jama'a mun yi nisa, daga jim mun koma bota. Bari in dawo da mu. Na yarda rasit kaɗai bai wadatar ba, amma ban yarda a ce kuɗi ba ya motsa mutum ba. Likita ta kawo Illinois, ni ma ga nawa: Charness da Gneezy a 2009 sun biya ɗalibai dala 100 don su je gidan motsa jiki sau takwas cikin wata guda. Bayan an daina biya, waɗanda da ba sa zuwa sun ci gaba da zuwa fiye da da. Wato kuɗin ya tsallakar da su wahalar farko, sai sabo ya karɓa. Abin da ya faru da Keken Asuba kenan. Ga Suwidin, ma'aikaci yana iya karɓar har kurona 5,000 a shekara daga wurin aikinsa don motsa jiki ba tare da haraji ba. Jamus ta bar kamfani ya kashe har yuro 600 kan lafiyar kowane ma'aikaci. Duk waɗannan ba su san abin da suke yi ba ne?

Likita_Binta:
Binciken da ka kawo gaskiya ne, amma dubi yadda aka yi shi. Kuɗin yana da kauri ga ɗalibi, an biya shi nan take, kuma sai an ga ƙafarka a wurin. Rangwamen haraji akasin haka ne ta kowace fuska: kaɗan ne, sai bayan shekara, kuma biya ake dubawa. Sannan da wasu suka maimaita irin gwajin, sun ga sabon ya dusashe bayan ɗaliban sun tafi dogon hutu. Ɗan Adam abin da ke gabansa yau yake gani.

Keken_Asuba:
Wani abu da ba a faɗa ba. Rangwamen ne ya sa na sayi keken, amma abin da ya sa ban ajiye shi ba shi ne akwai hanyar keke da aka raba da ta motoci daga unguwarmu har kusa da wurin aiki. Abokin aikina ya saya ta tsari ɗaya da ni, hanyarsa babu wannan, wata babbar mota ta kusa tafiya da shi, keken yana rataye a bango yanzu.

Zuwaira_M:
To ashe nan kuɗin ya kamata su tafi. Ni abin da ke hana ni fita da yamma ba haraji ba ne. Babu gefen titin da za a bi, babu fitila, kuma mace ita kaɗai ba ko'ina take sakewa ba. A gyara wannan, a ga ko ba za mu fito ba.

Sani_Tsakatsaki:
Bogota a Kolombiya tun shekarun 1970 take rufe manyan tituna ga motoci kowace Lahadi daga safe zuwa ƙarfe 2 na rana. Yanzu ya haura kilomita 100. Mai keke, mai gudu, mai tura jariri, mai keken guragu, kowa ya fito. Ba rasit, ba agogo.

DanDako_Asali:
Wannan kam na yarda da shi, don ba a tambayar takardar albashi a bakin titi.

Shaho_09:
Amma me ya hana a yi duka biyun? A gina hanya, a kuma ba da rangwame.

Mai_Lissafi:
Aljihu ɗaya ne Shaho. Harajin da aka yafe kashewa ne, sai dai ba ya fitowa a jerin ayyuka, shi ya sa 'yan siyasa suke son sa: ba sai sun gina komai ba, kuma kowa yana jin an ba shi kyauta. Idan dole sai an yi, ni sharaɗina uku ne. Ya zama ana biyan har wanda ba ya cikin masu haraji, ya ragu yayin da samu ke ƙaruwa, kuma a sa masa wa'adi a auna ko ya ƙara yawan masu motsi ko kuwa tsofaffin hannu ne suka karɓe.

Abu_Haidar:
Sharaɗi na farko da na uku na karɓa. Na biyu ne ban gamsu ba. Ciwon suga ba ya duba albashi, kuma mai matsakaicin samu da ake tatsa kowane wata shi ma yana da haƙƙi. Idan aka ce komai sai marar ƙarfi, masu biyan harajin za su juya wa tsarin baya tun bai je ko'ina ba.

Ummu_Sadiya:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar mai keken guragu a gasar taku. Malam Abu Haidar, kai ka kawo Singafo.

Dan_Kwamfuta:
Hajiya, wasu agogunan suna ƙirga turin keken da hannu, wasu kuma minti nawa zuciya ta yi tana aiki. Ta fuskar na'ura ana iyawa. Sai dai irin waɗannan sun fi tsada, kuma mun koma kan tambayar wa zai saya wa mutum, da kuma wa zai riƙe bayanan.